Aron ɗan ƙwallo da sayensa: abin da zaman Ahmed Musa a Mosko ya bayyana

A ranar 30 ga Janairun 2018 ƙungiyar Leicester City ta Ingila ta bayar da aron Ahmed Musa ga tsohuwar ƙungiyarsa, CSKA ta birnin Mosko, zuwa ƙarshen kakar wasa. Wata 18 kafin nan ta saye shi a kan kimanin fam miliyan 16, kuɗi mafi yawa da ta taɓa kashewa a kan ɗan wasa guda a lokacin. Wata shida bayan aron kuma ta sayar da shi gaba ɗaya ga Al-Nassr ta Saudiyya, CSKA ba ta riƙe shi ba.

A gidajen kallon ƙwallo na Bichi da Dambatta da Makoda da Kunchi, inda matasa ke taruwa da yamma bayan an taso daga gona, ana yawan muhawara a kan irin wannan ciniki: wa ya ci riba, wa ya faɗi, me ya sa ƙungiya za ta ci gaba da riƙe ɗan wasan da ba ta sa shi a fili. Amsar tana cikin dokokin hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, da kuma lissafin kuɗi na ƙungiyoyi. A cikin dokokin nan akwai wani kaso da aka ware wa ƙananan ƙungiyoyin da suka reni ɗan wasa tun yana yaro, kason da ya shafi ƙungiyoyin ƙauye kai tsaye.

Ma'anar aro a dokar ƙwallo

Aro yarjejeniya ce ta ɓangarori uku: ƙungiyar da ke da kwantiragi da ɗan wasa, ƙungiyar da za ta karɓe shi na ɗan lokaci, da shi kansa ɗan wasan. Rajistarsa ce ke komawa sabuwar ƙungiyar har wa'adin ya cika, kwantiraginsa na asali kuwa yana nan daram. Dole yarjejeniyar ta kasance a rubuce, kuma ba ta ƙulluwa sai ɗan wasan ya amince.

Manomin arewacin Kano ya san bambancin aron gona da hayarta da jinginarta da sayar da ita. A yankin da gonaki suka haɗe da juna, babu saura balle daji, mai gonar da ba zai iya nomawa ba yakan ba wani ya noma, ya zuba taki, don kada ta lalace. Abin da ake kira aro a ƙwallo ya fi kusa da haya, domin sau da yawa akwai kuɗi a ciki. Abubuwa uku ake ciniki a kansu: kuɗin aron da ƙungiyar da ta karɓa za ta biya, yadda za a raba nauyin albashi, da abin da zai faru idan wa'adi ya cika.

Batu na uku shi ne ya raba aro gida uku. Akwai aro zalla, wanda ɗan wasa ke komawa gida bayan wa'adi. Akwai aro mai damar saye, inda ake yanke farashi tun farko, ƙungiyar da ta karɓa ta saya in ta ga dama, ta bari in ba ta so. Sai aro mai wajabcin saye, wanda saye ne da aka jinkirta biyansa, a wasu lokuta bisa sharaɗin ɗan wasan ya buga adadin wasanni kaza ko ƙungiyar ta tsira daga faɗuwa zuwa ƙaramar gasa. A irin na ƙarshe, kuɗin aron kamar kafin alƙalami ne.

Dalilin ba da aron mai babban albashi

Babban albashi kariya ne ga ɗan wasa, kuma shi ne ke ɗaure shi. Ƙungiya ba ta da ikon korarsa don kawai ya daina zura ƙwallo ko an sauya koci. Sai ta biya shi har kwantiragin ya ƙare. Ƙungiyoyin da za su iya biyan irin albashin gasar Firimiyar Ingila kuwa ba su da yawa a duniya, don haka mai sayensa yakan yi wahalar samuwa.

Akwai kuma lissafin littafin kuɗi. Ƙungiyoyin Turai suna raba kuɗin sayen ɗan wasa a kan shekarun kwantiraginsa. Wanda aka saya fam miliyan 16 a kwantiragin shekara huɗu, ana rubuta fam miliyan 4 a matsayin kashewa kowace shekara. Bayan shekara biyu darajarsa a littafi ta koma fam miliyan 8. In an sayar da shi ƙasa da haka an rubuta asara, in an sayar sama da haka an rubuta riba, ko da kuɗin bai kai na sayensa ba. Saboda wasu ƙungiyoyi sun riƙa ba da kwantiragin shekara bakwai ko takwas don rage nauyin kowace shekara, hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta taƙaita wannan rabon zuwa shekara biyar a 2023.

Ɗan wasan da ke zaune a benci yana cin albashi, darajarsa a kasuwa tana raguwa, kwantiraginsa kuma yana ƙarewa. Tun bayan hukuncin Bosman na 1995, wanda kwantiraginsa ya ƙare yana iya tafiya kyauta. Aro yana rage wa ƙungiya nauyin albashi, yana kuma baje kolin ɗan wasan ga masu saye.

Daga Jos zuwa Leicester

An haifi Ahmed Musa a Jos ranar 14 ga Oktoban 1992, kuma da aro ya fara sana'arsa. Makarantar horar da ƙwallo ta GBS ce ta bayar da shi ga JUTH ta Jos, daga nan ta bayar da shi ga Kano Pillars a kakar 2009/2010. A wannan kaka ya zura ƙwallo 18, adadin da ba a taɓa samu ba a gasar Najeriya kafin lokacin, Pillars kuma ta ƙare a mataki na biyu.

A 2010 ya ƙulla yarjejeniya da VVV-Venlo ta ƙasar Holan, amma bai samu damar bugawa ba sai da ya cika shekara 18 a watan Oktoba, saboda dokar FIFA da ta hana ɗauke yara zuwa wata ƙasa. A Janairun 2012 CSKA ta saye shi. Ya ci gasar Rasha sau uku da ita, a 2013 da 2014 da 2016, da kofin ƙasar a 2013. A tsakanin nan ya ci kofin nahiyar Afirka da Super Eagles a 2013, ya kuma zura wa Ajantina ƙwallo biyu a gasar kofin duniya ta 2014 a Brazil.

Leicester ta ɗauke shi a Yulin 2016, tana ɗauke da kambun Firimiya, a kwantiragin shekara huɗu. Ya zura wa Barcelona ƙwallo biyu a wasan share fage, sai dai a gasar Firimiya ƙwallo biyu ya ci a wasa 21. An sallami Claudio Ranieri, kocin da ya kawo shi, a Fabrairun 2017. Craig Shakespeare ya gaje shi, Claude Puel ya biyo baya a Oktoba, kuma babu wanda ya ba shi gurbi a cikinsu. Daga Agustan 2017 zuwa Janairun 2018 bai buga wasan Firimiya ko ɗaya ba, alhali gasar kofin duniya tana ƙaratowa, a ƙasar Rasha kuma.

Rabin kaka a Mosko

Aron ya biya wa kowane ɓangare buƙata. CSKA ta samu ɗan gaban da ya san ƙungiyar da sanyin ƙasar ba tare da ta biya kuɗin saye ba. Leicester ta samu wurin da za a ga ɗan wasanta yana bugawa. Shi kuma Musa yana buƙatar wasa a kai a kai don ya tabbatar da gurbinsa a tawagar Gernot Rohr.

Ya zura ƙwallo shida a wasa goma na gasar Rasha, CSKA ta ƙare a mataki na biyu bayan Lokomotiv. A gasar Europa ya ci ƙwallo a wasan da suka doke Lyon 3 da 2 a Faransa a watan Maris, kafin Arsenal ta fitar da su a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe. A ranar 22 ga Yuni, a birnin Volgograd, ya zura ƙwallo biyun da Najeriya ta doke Iceland da su. Da su ya zama ɗan Najeriyan da ya fi kowa cin ƙwallo a tarihin gasar kofin duniya, da ƙwallo huɗu.

A watan Agusta Leicester ta sanar da sayar da shi ga Al-Nassr ba tare da ta bayyana farashi ba. Jaridu sun ruwaito adadin da ya haura fam miliyan 14. Bisa lissafin da aka yi a sama, wannan riba ce a littafin Leicester a kan ɗan wasan da wata bakwai kafin nan ba ya shiga fili. CSKA ta ci moriyar rabin kaka, ribar hawan farashi kuwa ta tafi ga mai kwantiragi. Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Musa ya ci gasar Saudiyya da Al-Nassr a kakar 2018/2019, shekaru kafin Cristiano Ronaldo ya isa ƙungiyar a ƙarshen 2022. Sun rabu a Oktoban 2020. Ya dawo Kano Pillars a Afrilun 2021 na ɗan lokaci, ya tafi Fatih Karagümrük ta Turkiyya a Yuli, ya koma Sivasspor a 2022, sannan ya sake dawowa Pillars a Oktoban 2024.

Yadda aro ke ƙarewa

Aron Musa ya ƙare da sayarwa ga ƙungiya ta uku. Na Victor Osimhen ya ƙare sau biyu da saye daga ƙungiyar da ta karɓe shi. A 2018 Wolfsburg ta Jamus ta bayar da shi ga Charleroi ta Beljiyam da damar saye. Charleroi ta yi amfani da damar a 2019, ta kuma sayar da shi ga Lille ta Faransa a wannan shekarar a kan farashin da ya ninka abin da ta biya. A nan wanda ya karɓi aro ne ya kwashe ribar, domin an yanke farashi tun ɗan wasan bai yi suna ba.

Karo na biyu shi ne a Satumban 2024. Osimhen ya ci wa Napoli gasar Italiya a 2023 da ƙwallo 26, ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka na shekarar, ya kuma sabunta kwantiraginsa da babban albashi. Da cinikinsa da Chelsea da Al-Ahli ta Saudiyya ya rushe a ranar rufe kasuwa, Napoli ta cire shi daga tawagarta, ta bayar da aronsa ga Galatasaray, saboda kasuwar Turkiyya ba ta rufe ba tukuna. Ya zura ƙwallo 37 a kakar, suka ci gasar ƙasar da kofinta. A ranar 31 ga Yulin 2025 Galatasaray ta saye shi a kan yuro miliyan 75, ciniki mafi tsada a tarihin ƙwallon Turkiyya, da albashin yuro miliyan 15 a shekara bayan cire haraji.

Odion Ighalo misali ne na aron da bai kai ga saye ba. Shanghai Shenhua ta Chaina ta bayar da shi ga Manchester United a ƙarshen Janairun 2020, kuma ya faɗa da bakinsa cewa ya amince da ragin albashi don ya buga wa ƙungiyar da yake goyon baya tun yana yaro. An tsawaita aron zuwa Janairun 2021, United ba ta saye shi ba, ya wuce Al-Shabab ta Saudiyya.

Akwai kuma aron da ke zama yawo. Sani Kaita, haifaffen Kano da ya tashi daga Pillars zuwa Sparta Rotterdam, ya koma Monaco a 2008. Daga nan Monaco ta riƙa bayar da shi ga ƙungiyoyi a Rasha da Yukiren da Girka, ciki har da Kuban Krasnodar da Alania Vladikavkaz da Metalist Kharkiv da Iraklis, duk a cikin shekara uku. Ɗan wasan da ke sauya gari da harshe da koci duk bayan 'yan watanni da wuya ya kafu.

Iyakokin da FIFA ta gindaya

Daga 1 ga Yulin 2022 FIFA ta tsaurara dokar aro tsakanin ƙasashe. Aro ba zai wuce shekara ɗaya ba, ko da yake ana iya sabunta shi da yardar ɗan wasa, kuma ba zai gaza tsakanin buɗewar kasuwa biyu ba. Ƙungiyar da ta karɓi aro ba ta da ikon miƙa ɗan wasan ga wata. An taƙaita adadin waɗanda ƙungiya za ta bayar ko ta karɓa zuwa takwas a kakar 2022/2023, bakwai a ta gaba, shida daga Yulin 2024, kuma kada su wuce uku tsakanin ƙungiyoyi biyu. An keɓe matasa 'yan shekara 21 zuwa ƙasa waɗanda ƙungiyar ta rena da kanta. Manufar ita ce hana manyan ƙungiyoyi tara 'yan wasa kamar hajar da ake ɓoyewa ana jiran ta yi tsada.

Wasu dokoki biyu sun fi shafar Najeriya. Sashe na 19 na dokar musayar 'yan wasa ya haramta ɗauke wanda bai kai shekara 18 ba zuwa wata ƙasa, sai a 'yan yanayi kaɗan, kamar idan iyayensa sun ƙaura saboda dalilin da bai shafi ƙwallo ba. Tun 1 ga Mayun 2015 kuma an haramta wa ɗan kasuwa ko kamfani mallakar kaso a kuɗin sayar da ɗan wasa.

Kason masu reno

Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa yana cikin kwantiragi, ko aka biya kuɗin aronsa, ana cire kashi 5 cikin 100 a raba wa ƙungiyoyin da suka yi masa rajista daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da kashi 0.25 na farashin, kowace shekara daga 16 zuwa 23 tana da kashi 0.5. A cinikin fam miliyan 16, shekara ɗaya ta reno tana kawo fam 40,000 ko fam 80,000. A cinikin Osimhen na yuro miliyan 75, jimlar kason ta kai yuro miliyan 3.75. Haƙƙin yana maimaituwa a kowane ciniki har ɗan wasan ya yi ritaya, kuma ƙungiyar da ta riƙe yaro a matsayin aro tana da kason lokacin da ya yi a wurinta. Idan ya tafi kyauta bayan ƙarewar kwantiragi, babu abin rabawa.

Ban da wannan akwai diyyar horarwa, wadda ake biya idan matashi ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru, da kuma idan ya sauya ƙasa kafin ya wuce shekara 23. A Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe cibiyar biyan waɗannan kuɗaɗe a birnin Paris, wadda ke karɓa daga mai saye ta tura wa masu reno kai tsaye.

Tsarin duka ya dogara ne a kan rajista. Cibiyar tana duba tarihin ɗan wasa kamar yadda hukumar ƙwallon ƙasarsa ta shigar a kwamfuta. Ƙungiyar ƙauye da ke horar da yara a filin makarantar firamare a Tsanyawa ko Minjibir, in ba ta da rajista da hukumar ƙwallon jiha da ta ƙasa, ba ta kuma rubuta sunayen yaranta da shekarunsu na gaskiya ba, ba za ta bayyana a wannan tarihi ba. Rage shekaru ma yana jawo asara, domin yana rikita shekarun da za a lissafa wa kowace ƙungiya.

Dillalai da gonar gado

Babu cinikin ɗan wasa da ba dillali, kamar yadda ba a rasa shi a kasuwar dabbobi ta Dambatta, kuma yana da la'adarsa. Tun Oktoban 2023 FIFA ta wajabta wa mai wannan aiki ya mallaki lasisinta, wanda ake samu bayan cin jarrabawa, ana kuma iya duba sunan mai lasisi a shafin hukumar na intanet.

Labarin albashin manyan 'yan wasa shi ne jarin dillalan bogi. A faɗin Afirka ta Yamma an sha ruwaito iyalan da suka sayar da kadara don biyan kuɗin gwaji a ƙetare, yaro ya isa can ya tarar babu ƙungiya, babu kuɗin komowa. A yankin da gado ya riga ya yayyanka gonaki ƙanana, sayar da gona ko jinginar da ita yana nufin raba gida da geronsa da dawarsa na shekara. Alamomin ciniki na gaskiya a bayyane suke: takardar gayyata daga ƙungiyar kanta, dillali mai lasisi, yaro ya cika shekara 18, da takardar izinin sauya ƙasa da ke fitowa daga hukumar ƙwallon Najeriya ta tsarin kwamfuta na FIFA.

Dukiyar jama'a

An san adadin cinikin Osimhen da albashinsa ne saboda Galatasaray tana kasuwar hannun jari ta Istanbul, doka kuma ta tilasta mata sanar da masu jari. Yawancin ƙungiyoyin babbar gasar Najeriya mallakar gwamnatocin jihohi ne. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009, da kuɗin jihar Kano ake tafiyar da ita. Saboda haka kuɗin sayar da ɗan wasanta, da kuɗin aronsa, da kason renon da ke biyo baya, kuɗin shiga ne na al'ummar jihar, kuma majalisar dokoki da babban mai binciken kuɗi na jiha suna da hurumin neman bayaninsu kamar na kowace hukuma.

A Yulin 2025 gwamnatin jihar Kano ta naɗa Ahmed Musa babban manajan Pillars. Mutumin da ya shigo ƙungiyar a matsayin aro yana ɗan shekara 16, aka sayar da shi tsakanin Holan da Rasha da Ingila da Saudiyya, ya kuma buga wa Najeriya wasanni fiye da kowa a tarihi, shi aka ɗora wa alhakin kwantiragin 'yan wasan ƙungiyar, da rajistar matasanta, da bin kason da dokar FIFA ta ba ta a duk inda aka sayar da wanda ta rena.